Ƙwan da Ba a Juyawa

Watannin farko bayan bizar Umarata ta ƙare a unguwar Tandabawi ta Makka na yi su, a wani ɗaki da sai gwiwa ta yi kuka da matakala kafin a kai shi. Mata ne cike a ciki, kowacce da 'yar katifarta, jakarta ce matashin kanta. Uwar ɗakinmu Inna Dije ce, mutuniyar Damagaram da ta daɗe a Makka har ta daina tambayar labarin damina a gida. Ni Hanne daga Gumel na fito, mijina ya rasu, sana'ata a gida kiwon kaji da zabi. A Makka kuwa sana'ata ta koma sayar wa alhazai hatsin tattabaru a bakin titi, da kwasa a guje idan an hango motar baladiyya, hukumar gari mai kamen 'yan talla. Na iya gudu cikin abaya kamar ba ni ce mai ciwon baya ba.

Wata rana Inna Dije ta kira ni gefe.

"Hanne, akwai shugul, aikin gida, a unguwar Zahir. Gidan Hausawan nan ne, jikokin alhazan zamanin da. Ɗaki naki ke kaɗai, har da mukayyif mai sanyaya ɗaki. Amma duk wadda na tura sai ta dawo."

"Duka suke yi, Inna?"

"A'a. Ƙadangaru gare su."

Na ce in dai akwai ƙofar da zan rufe in kwana ba fargabar kame, ko kada suke kiwo zan je.

Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajja Sa'adiyya, wadda kakanta ya zo daga Katsina a ƙafa. Hausarta irin ta tsofaffi ce, da Larabci a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Ɗanta guda ne a gabanta, Ustaz Fahad, ya haura talatin bai yi aure ba, yana aiki a wani kamfanin motocin jigilar alhazai. Shi ya hau da ni ɗakin sama, ya buɗe ƙofa, na tsaya turus. Akwatunan gilashi ne jere, kowanne da fitila a sama da dutse a ciki, a kan dutsen kuma ƙadangare ya baje yana kallona kamar na zo karɓar bashi. Ba irin namu ba ne masu jan kai. Waɗannan faffaɗa ne, masu ƙaya-ƙaya a wuya kamar gemu, kuma idan ransu ya ɓaci sai gemun ya kumbura ya yi baƙi. Ustaz ya ce daga wata ƙasa mai nisa asalinsu yake, yana kiwonsu ne yana sayar da 'ya'yan ga samarin da ke sha'awa.

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Abin da yara ke jifa da dutse a bayan katangarmu, shi ne a nan ake yanka wa ganyen jarjir da kabewa, a barbaɗa wa gyaren da yake ci farin garin ƙarfin ƙashi, a auna masa zafi da sanyi. Mu a Tandabawi fanka ɗaya muke rabo.

Amma dabba dabba ce, kuma hannuna na kiwo ne. Ba a daɗe ba na san halin kowanne. Akwai wata babbar mace, ruwan lemo, mai tattararren wuya, na sa mata Gwaggo saboda ta tuna mini da ƙanwar mahaifina idan ta ɓata rai. Da na shigo da safe sai ta ɗaga hannu ɗaya ta juya shi a hankali kamar mai gaisuwa. Ni ma sai in gaishe ta, in ba ta labarin Gumel, tunda ba ta katse ni. Duk wanda ya yi zaman baƙunta ya san yadda baki ke tsami don rashin abokin hira.

Ranar da Gwaggo ta fara yin ƙwai a hannuna, Ustaz ya tone su daga yashi da cokali, ɗaya bayan ɗaya. Girmansu kamar dabino, farare, ɓawonsu da taushi kamar fata. Ya jera su a roba mai wata ƙasa mai damshi, ya ɗiga wa kowanne alama da fensir a sama, ya sa a faggasa, wato injin ƙyanƙyasa. Washegari na buɗe injin, na miƙa hannu zan yi abin da na tashi ina gani tun ina yarinya. Sai na ji muryar Ustaz a bayana, shi da yake ce mini Khala don girmamawa.

"La, Khala, la! Me za ki yi?"

"Juya su zan yi, Ustaz. Ai ƙwai in ba a juya ba baragurbi zai yi."

Ya dube ni kamar na ce zan soya su. Da Hausarsa mai ɗingishi ya yi mini bayani. Ƙwan ƙadangare ba na kaza ba ne. Uwar binne shi take yi ta tafi, ba mai taɓa shi. Ɗan yana manne ne a sama, in aka kifa shi gwaiduwa ta danne shi ya mutu. Alamar fensir don a tabbata kullum tana kallon sama ne. Shi yana mamakin yadda za a yi mutum ya juya ƙwai, ni ina mamakin yadda za a yi mutum ya ƙi juyawa. Bai taɓa ganin kaza tana juya ƙwanta da baki ba, a Makka aka haife shi, kazarsa daga firji take fitowa.

Bayan kamar wata biyu suka fara fasowa, ƙanana kamar ɗan yatsa, kai ya fito ya huta sannan sauran jiki ya biyo. Wallahi sai da na yi hawaye. Lokacin ne mafi daɗin zamana a ƙasar. Hajja kan kira ni mu sha shayi da na'ana'a bayan la'asar, ta ce in yi mata dambu irin wanda kakarta ke yi, ta ci tana lumshe ido. Ta ba ni wata abaya mai aiki a hannu. Ta ce, "Ke 'yar gida ce yanzu, ya Hanne." Na ɗauki maganar da gaske.

A harabar Harami na tsinci Ladidi. Tana zaune jikin ginshiƙi tana kuka, wanda ya kawo su ya kashe waya ya ɓace. Da na ji harshenta na tambaye ta gari, ta ce Maigatari. Maƙwabta ke nan. Muna hira ta ce a gida ta yi aiki a wani gidan gonar kaji, ita ce mai kula da tsohon injin ƙyanƙyasarsu. Na ji kamar na ga 'yar uwata ta ciki ɗaya. Ni na kai ta wurin Inna Dije, ni na roƙa mata wurin kwana, ni na koya mata yadda ake gane motar baladiyya tun daga nesa. Ranar Juma'a takan zo mini Zahir, ta ci ta ƙoshi, ta miƙe a gadona ƙarƙashin mukayyif ta ce, "Yaya, ke kam kin haye." Ina jin haka ina dariya, ban san awon gadon take yi ba.

Da aikin Hajji ya matso, aka ce ana neman masu girki a tantunan Arfa. Na so in je, don abin da za a samu da kuma in tsaya a filin nan ko sau ɗaya a rayuwata. Hajja ta yarda in dai zan kawo mai riƙe mini. Na kawo Ladidi. Na nuna mata yadda ake yanka ganye, da ba da gyare, da kunna fitilu da kashewa. Maganar ƙwai ban yi mata ba, don faggasa a kashe take, kuma na lissafa zan dawo kafin Gwaggo ta sake saukewa.

Arfa ba wasa ba ce ga mai aikin tukunya. Rana a sama, wuta a ƙasa, albasa buhu-buhu, shinkafa a tukwanen da mutum zai kwanta a ciki. Tafin hannuna ya yi bororo. Duk da haka da yammacin ranar na sami gefen tanti na ɗaga hannu, na yi wa 'ya'yana addu'a, na yi wa Hajja, na yi wa Ustaz fatan mata tagari. Har Ladidi na sa a ciki, na ambaci sunanta. Wannan ne yake ƙona mini rai har yau.

Na dawo Zahir da ƙafa a kumbure, na tarar da jakata a bakin ƙofa, a waje. Na buga. Hajja ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofar na maƙale.

"Ɗauki kayanki ki tafi. Khalas."

"Hajja, lafiya? Me na yi?"

Ta ɗago wata leda. Na gane ta nan take. Saɓar ƙadangarun ce. Sukan tuɓe tsohuwar fata lokaci-lokaci, ni kuma ina tsince masu kyau in adana a ƙarƙashin gado, don in kai wa jikokina su gani, tunda na san ba wanda zai yarda da labarin ƙadangare mai gemu in ba da shaida ba.

"Ladidi ta faɗa mini komai. Kullum kina magana da su, kina tara fatarsu. Ashe ke kika ɗaure mini ɗa ya kasa aure. Ki gode wa Allah ban kira shurɗa sun kama ki ba."

"Hajja, ai tun kafin in zo bai yi auren ba."

Ta rufe ƙofar. Kafin ta rufe na hango Ladidi a ƙasan matakala, riƙe da farantin ganye, idonta a ƙasa. Na kira wayar Ustaz har na gaji, yana Madina da alhazai, bai ɗauka ba, bai kuma kira ba.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba bai san nauyin kalmar sihiri ba. Kafin in hau matakalar Tandabawi labari ya riga ni. Inna Dije ta karɓe ni, Allah ya saka mata, amma matan ɗakin kowacce ta janye kofinta daga kusa da nawa. Wadda ke kwana kusa da ni ta matsar da katifarta. In na tsefe kai sai in ga ana kallon inda gashin ya faɗi. Gidajen da ke neman 'yar aiki, da an ambaci sunana sai a ce an samu wata. Ladidi ba gadona kaɗai ta ɗauke ba, ta shafa mini kashin kajin da ba sabulun da zai wanke. Na koma hatsin tattabaru da gudu. Ba zan yi ƙarya in ce na bar wa Allah ba. Da ita nake tashi, da ita nake kwana, har a sujada fuskarta nake gani.

A kasuwar Zahir muka haɗu, makonni bayan haka. Na je sarin hatsi, ita kuma tana zaɓen jarjir, sanye da abayar nan mai aiki a hannu, wadda ban tarar a jakata ba. Ta yi ƙiba. Na ɗauka za ta kauce, sai ta tako da murmushi.

"Yaya Hanne, ina wuni? Ya shugul?"

"Lafiya, Ladidi."

"Ai Gwaggonki ta yi ƙwai, fiye da ashirin. Ustaz bai dawo ba har yanzu, ta waya ya ce in jera su a roba in yi musu alama da fensir in sa a inji. Na ce masa kada ya damu, wannan ai aikina ne tun a gida. Haka muke yi a gona, a yi alama don a san gefen da aka juya. Safe da yamma nake juya su, ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Ta faɗa ne don ta ƙunsa mini, in san ba ni kaɗai na iya ba.

Na ga 'yan ƙananan nan a idona, yadda kai ke fitowa ya huta. Watakila a lokacin akwai waɗanda ba su riga sun mutu ba. Kalma uku ta isa: kada ki juya. Suna kan harshena. Sai na dubi hannun abayar, na dubi kumatunta, na tuna kofunan da aka janye.

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Ladidi. Ki dage."

Na ɗora buhuna a ka na wuce. Har na kai tashar mota ƙafafuna ba nauyi, rabon da in ji sanyi a zuciya irin na ranar tun kafin Arfa. A motar ne kuma na tuna da Gwaggo, yadda take ramewa bayan ta sauke, fatarta ta saki, sai an yi ta lallaɓa ta da abinci. Duk wahalar nan a banza. Na juya fuska ga taga don kada a ga idona. Amma ban sauka na koma ba.

Sai da alhazan ƙarshe suka tafi sannan Inna Dije ta leƙo wata rana da hantsi ta ce wani Ustaz yana ƙasa a mota yana nemana. Na sauka a hankali, ban yi sauri don kowa ba. Yana tsaye jikin motar, ya rame.

"Khala, duka sun mutu. Sun lotsa, sun yi funfuna, ko ɗaya bai fita ba."

"Allah ya mayar da alheri."

Ya ce da ya dawo ya buɗe faggasa, wari ne ya tare shi. Ladidi ta ce ni ce na yi musu baki daga nesa, Hajja kuma ta yarda. Amma shi da ya duba sai ya ga alamar fensir wata a ƙasa, wata a gefe. Ya ce ta nuna masa yadda take yi, ta sa hannu ta juya ɗaya a gabansa tana alfahari. Nan ya gane. Ya matsa mata a kan maganar saɓa, ta fara inda-inda. Ya sallame ta.

"Na zo in mayar da ke, Khala. Bas akwai tambaya ɗaya. Ta ce ta gaya miki a kasuwa tana juya su. Sahih?"

Da na so, da na ce ƙarya take yi. Wa zai yarda da Ladidi yanzu? Ɗakin yana jirana, da ƙofarsa da mukayyif ɗinsa. Amma ina so wani ya san da gangan na yi, in ba haka ba ramuwar ba ta cika ba.

"Gaskiya ne. Ta gaya mini."

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru. Kai ma da na kira ka daga bakin ƙofarku shiru ka yi."

"Rayuka ne, Khala. Ke kika reni uwarsu."

"Ni ma rai ce, Ustaz. Mahaifiyarka ta jefo ni titi ba igama, ba wata takardar zama, da sunan da zai iya kai ni inda ba a dawowa. Ta aiko ka da ban haƙuri?"

Ya daɗe yana kallon makullin motarsa, sannan ya ce ba zai iya sake ba ni amanar ƙwai ba. Na ce na sani. Na tambaye shi ko Gwaggo tana cin abinci, ya ce tana ci kaɗan-kaɗan. Na ce ya riƙa yanka mata kabewar ƙanana, ba ta son manya. Ya shiga mota ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Bayan la'asar ranar, muna zaune ana tsintar shinkafa, sai ga ƙarar akwati ana jan sa a matakala. Ladidi ce, gumi ya jiƙe ta, ido ya yi ja. Ta durƙusa gaban Inna Dije tana roƙon wurin kwana, ta ce ana kame a unguwanni, ba ta da inda za ta. Inna ta dubi ɗakin. Wuri ɗaya ne ya rage, filin nan da aka bari tsakanina da sauran mata don tsoron sihirina.

"Hanne, gefenki ne. Ke za ki ce."

Ladidi ta ja gwiwa zuwa gabana. "Yaya, don Allah, don darajar wannan gari."

"Ki fara faɗa musu abin da ke cikin ledar nan, da abin da kika gaya wa Hajja. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Ta faɗa. Ta ce ta san saɓar don jikokina nake tarawa, ni da bakina na gaya mata wata Juma'a. Ta ce ba ta taɓa ganin na yi wani abu ba sai hira da dabba. Ta ce ɗakin take so, ta gaji da zafi da gudu. Na sa ta maimaita wurin da muryarta ta yi ƙasa. Wadda ta fara janye kofinta ta sunkuyar da kai tana juya shinkafa a faranti. Inna Dije ta ce, "Kun dai ji da kunnenku. Gobe kowacce ta kai wannan labarin inda ta kai na farko."

Ladidi ta share hawaye ta fara jawo akwatinta wajen filin.

Na ce, "Ina za ki?"

"Yaya, ai na faɗa."

"Kin faɗa, na kuma ji. Amma wuri babu."

Na jawo katifata na shimfiɗa ta a tsakiyar filin, na miƙe ƙafafuna har suka taɓa bango. Ta dubi Inna, Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta dubi sauran, ba wadda ta ɗago. Ta tsaya jim, sannan ta juya.

Matakalar nan doguwa ce. Ina zaune ina jin akwatin yana bugun kowace ɗaya, har ƙarar ta yi nisa ta ɓace cikin hayaniyar titi. Na jira in ji tausayi ya zo, bai zo ba. Da aka sauke tukunya maƙwabciyata ta matso ta ce mu ci kwano ɗaya, na wanke hannu na ci har na nemi ƙari.